Allurar Maraƙi

Da hantsi aka tsinci Ɓaleeru, karyar Abbo, a bakin shingen shanu, ta miƙe ƙafafu, kumfa ta bushe mata a baki. A gefenta akwai guntun nama mai kitse, ƙudajen da suka sauka a kansa duk sun zube a wurin. Abbo ya daɗe tsaye a kanta, sandarsa a wuya. Matarsa Aisatu ce ta yi salati ta koma ɗaki.

Abbo dattijo ne, ya ba sittin baya. Shekara goma sha biyu ke nan da ya baro daji ya kafa gida a ƙarshen Kachalla Sembe, inda gidaje ke ƙarewa gonakin masara su fara. Daga babban garken da ya gada, shanu tara suka rage masa, su ne cinsa, su ne suturarsa. A wannan daminar kaɗai an kwance shanu a gida uku na layinsu. Nasa ne ba a taɓa ba, kuma kowa ya san dalili: baƙar karyar nan ce, wadda ko ganye ya motsa a bayan shinge sai unguwa ta ji. Wanda ya jefo naman shi ma ya san dalilin, kuma ba don wasa ya ɓata namansa ba. Zai dawo.

Abin da karyar ta bari 'yan kwikwiyo ne guda uku, sati biyar da haihuwa, suna kwance cikin tsohuwar tayar mota a bayan ɗakin dusa. Akwai babba, baƙi wuluk mai farin ƙirji, kamar an tsaga uwar an fito da shi. Akwai ja. Sai wata 'yar ƙanƙanuwa mai kunne ɗaya a kwance, wadda kullum ake ture ta a wurin nono. Abbo ya tsuguna ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya yi lissafi a ransa. In Allah ya raya su, kafin rani su fara haushi. In ba su rayu ba, to babu abin da ke tsakanin shanunsa da duhun gona sai waya da itace.

Sai dai akwai wani hali na Abbo da ya kamata a sani. Bai taɓa furta kalmar kare a bainar jama'a ba, in dai nasa ake magana. A daji kare ma'aikaci ne, ba mai kallonka don kana da shi. A gari kuwa, ga mutumin da ke sahun farko a masallaci, wanda ake kira ɗaurin aure a ba shi tabarmar gaba, abin yana yi masa nauyi a baki. Ko a gida "ƙananan nan" yake ce musu. Kunyar Fulani ce, ta kuma haɗu da girma, abu ya zama biyu.

Aisatu ta karɓi reno. Safe da yamma tana dama musu kunu da madara a wani fasasshen kasko. Suna sha kamar ba gobe, kuma cikin kwana goma cikkunansu suka yi tulu-tulu, suna tafiya suna rangaji. Abbo ya ji daɗi har ransa. A wurin makiyayi, ƙaramin da ya cika tumbi ya tsira.

"Dubi babban nan," ya ce da ita. "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

"Malam, ni fa gashinsu ne bai yi mini ba," in ji Aisatu. "Ya tashi tsaye, ba ya sheƙi. Kuma ka ga haƙarƙari a waje."

"Tsawo suke yi."

Ta ɗauke kaskon. Amma ta ga abin da ta gani: jan yana jan gindinsa a ƙasa, ƙaramar tana wani tari busasshe, kuma duk cikar cikin nan ƙafafunsu kamar tsinke suke.

Maƙwabcinsu ta yamma Manasseh ne, Bamumuye mai tuƙa keke napep, mutum mai yawan magana da saurin fushi da saurin hucewa. Katangar da ke tsakaninsu ba ta wuce ƙirji ba. Wata safiya yana wanke kekensa ya leƙo, ya ga ƙananan suna rangaji a tsakar gida.

"Bappa, ina kwana. Wannan ciki na su ba ƙoshi ba ne fa. Ni na taɓa gani. Akwai abu a ciki."

"Lafiya lau," in ji Abbo, bai ko ɗago ba.

"Ka kai su wurin likitan dabba. Akwai mace ɗaya a Majidaɗi, ya iya aiki sosai."

Abbo ya ce masa ya gode, da irin godiyar da ke rufe magana. A ransa kuwa wani abu ne ya motsa. Bara Ɓaleeru ta kashe wa Manasseh agwagwa biyu, kuma unguwa duka ta ji shi yana rantsuwa cewa wata rana sai ya ga bayan karyar nan. An yi sulhu, an wuce. To amma yau ga shi yana leƙe ta katanga, yana cewa akwai abu a cikin cikinsu. Ta yaya ya sani? Zato zunubi ne, Abbo ya san haka, amma sani bai hana shi yi ba.

Kwana uku bayan nan jan ya kwanta. Ya ƙi kunu, ya yi ta zawo baƙi ƙirin mai yauƙi kamar kwalta, mai wari irin na jini. Abbo bai tsaya tunani ba, ya ce guba ce, an sake jefowa. Ya sa Aisatu ta kawo manja da madara, ta buɗe bakin, shi kuma ya ɗura da cokali, yadda ake yi wa akuyar da ta ci rogo mai ɗaci. Ya zagaye gidan yana tona ciyawa da sanda, yana neman nama. Bai sami komai ba. Kafin azahar jan ya mutu, bakinsa jawur da manja.

Ranar Abbo bai amsa gaisuwar Manasseh ba. Ya tara duwatsu ya ƙara wa katangar tsawo ta wajen ɗakin dusa, yana yi yana huci, shi a dole ya gano maƙiyinsa.

Washegari Aisatu ta kira shi da wata irin murya. Babban baƙin ne ya yi amai a gindin turmi. A cikin aman akwai wasu abubuwa farare dogaye, sun nannaɗe kamar dafaffiyar taliya. Abbo ya sa tsinke ya taɓa ɗaya. Ta lanƙwashe a hankali, ta sake miƙewa.

Aisatu ta toshe baki ta kau da kai. Abbo kuwa, abin mamaki, ajiyar zuciya ya yi, har da ɗan murmushi.

"Tsutsa ce! Ashe tsutsa ce. Wannan ai na san ta, ta san ni."

Gaskiya ne, ya san ta. Shekara arba'in yana yi wa shanunsa allura da hannunsa, bai taɓa kiran kowa ba. Maraƙi nawa ya tayar daga kwance? Ya ji kunyar zargin da ya yi wa maƙwabcinsa, amma ya ajiye ta gefe, ya ce sai an kwana biyu ya san yadda zai gyara.

"Ko dai a kai su wurin matar nan da Manasa ya faɗa?" in ji Aisatu.

"In ɗauki abin nan in ratsa gari da shi? Ni?" Ya girgiza kai. "Kawo mini hulata."

Shagon Sadisu yana cikin Kasuwar Jalingo, ta layin masu gishirin shanu da igiyoyi. Sadisu Bakano ne, saurayi mai fara'a da zaƙin baki, kuma a wurinsa Abbo ke sayen magani tun zuwansa gari. A hanya Abbo ya shirya maganarsa tsaf. Zai ja shi gefe, ya faɗa masa a kunne, a gama. Sai dai da ya isa ya tarar da shagon cike, ranar ta zo daidai da shigowar mutanen ƙauye. A kan bencin ƙofa kuma ga Alhaji Sirajuddeen, wanda suke kafaɗa da kafaɗa a sahun farko, wanda ke jan salla in liman ya yi tafiya.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa.

"Baffa, me za a kawo?" in ji Sadisu daga bayan kanta, da ƙarfi, don hayaniya ta yi yawa.

"Maganin tsutsa," in ji Abbo. "Ƙananan nawa ne."

"Ayya, maruƙa? Damina ce, kowa kukan da yake yi ke nan. Wata nawa?"

Nan ne wurin. Kalma ɗaya ce tak ake bukata, mai gaɓa biyu, yaro ɗan shekara uku yana faɗinta. Abbo ya ji ta ta taso har maƙogwaro. Ya dubi Alhaji Sirajuddeen, ya ga ya ɗago kai yana saurare da fuskar tausayi, carbi a hannu.

"Ba su kai wata biyu ba," ya ce.

Bai yi ƙarya ba. Da wannan ya yi ta lallashin kansa daga baya, cewa shi bai ce maruƙa ba, Sadisu ne ya ce. Sadisu ya sauko da wata kwalba mai ruwan ɗorawa, ya ɗauko sabon sirinji, ya ja layi a jikinsa da biro.

"Nan za ka tsaya, Baffa, kar ka wuce. A ƙarƙashin fata. Mai ƙarfi ne, sau ɗaya ya isa."

"Allah ya sa albarka a garke," in ji Alhaji Sirajuddeen.

"Amin," in ji Abbo, ya zura kwalbar a aljihu.

A gida ya zauna a kan turmi ya yi shawara da kansa. Shi ba wawa ba ne, ya san kwikwiyo bai kai maraƙi ba. Saboda haka ya zuƙo maganin zuwa rabin layin Sadisu, ya ɗaga sirinjin a rana ya duba, ya ga ɗan kaɗan ne, har yana tunanin ko ya ƙara. Abin da bai tsaya ya auna ba shi ne, maraƙin wata biyu sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga shi, kwikwiyon nan kuwa ko mudun gero ya fi shi nauyi. Idon da ya saba da shanu komai da shanu yake auna shi.

Da babban ya fara, don shi ne abin sa rai. Aisatu ta riƙe, shi ya ɗago fatar wuya ya soka. Kwikwiyon ya yi ƙara sau ɗaya, aka sake shi ya tafi yana kaɗa jela. Ƙaramar kuwa da ta ji ƙarar sai ta shige ƙarƙashin tulin itacen girki, can ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Aka yi kira, aka zura sanda, ta ƙi. Ana cikin haka aka kira la'asar, hadari kuma ya haɗo ta wajen duwatsun Kona.

"Bar ta," in ji Abbo. "In na dawo."

Ya dawo a jiƙe, ya tarar da Aisatu tsaye a ƙofar gida cikin ruwa, ba ta ko yafa mayafi ba. Bai tambaye ta ba, ya wuce ciki. Babban baƙin yana tsakar gida yana zagaye kamar wanda ya sha wani abu. Yawu na zuba daga bakinsa igiya-igiya. Ya nufi bango ya buga kai, ya ja baya, ya sake bugawa, idanunsa a buɗe amma ba ya gani. Sai ƙafafun baya suka ƙi, ya faɗi, jikinsa ya ɗauki karkarwa tun daga kunne har jela.

Abbo ya durƙusa cikin taɓo. Ya ce a kawo manja, sannan ya ce a bari. Ya ce a kawo madara. Bai san abin da yake cewa ba. Ya taɓa ganin saniya ta mutu a tsaye, ya ga annoba ta share rabin garke cikin wata guda, amma bai taɓa jin tsoro irin na yammacin nan ba, don wannan karon ya san hannun da ya yi. Karkarwar ta yi ta zuwa tana tafiya, tana zuwa tana tafiya. Kafin a kira magariba ta tafi ba ta dawo ba.

Da gari ya waye ya fita duba shanu. Suna nan, tara, suna tuƙa. Amma a bayan shinge, inda ruwan jiya ya laushe ƙasa, ya ga sawun takalmin roba, manya, na mutum biyu. Sun zo daga cikin masara, sun tsaya daidai kusurwar da itacen shingen ya fara ruɓewa, sun ɗan zagaya, sun koma. Ba su taɓa komai ba. Dubawa suka zo yi.

Da ya shigo, ƙaramar ta fito daga ƙarƙashin itacen da kanta. Tana kwance a gefen kasko, kunun na gabanta, ba ta ko shinshina ba. Cikin ya yi tsini, sauran jikin ƙashi ne da fata. Kwalbar Sadisu na kan taga, sirinjin a gefenta. Abbo ya dube su, ya kau da ido.

Ya ɗauko tsohon buhun dusa ya naɗe ta, ya fita ya tsaya a ƙofar Manasseh ya yi sallama. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Manasseh ya fito da burodi a hannu, ya dubi buhun, ya dubi fuskar dattijon, ya dubi duwatsun da aka jera a kan katanga. Duk abin da ya zo bakinsa ya haɗiye shi tare da burodin.

"Saura nawa, Bappa?"

"Ita kaɗai."

"Shiga mu tafi."

Hanyar ta yi wa Abbo tsawo. Ya zauna a lungun keke, buhun a cinyarsa, ya ja hannun babbar riga ya rufe. A mahaɗar titi wata mata ta tsayar da su za ta shiga, Manasseh ya ce mata shata ne, ya wuce. Sau biyu Abbo ya hango wanda ya sani, sau biyu ya sunkuyar da kai. Ko a wannan halin kunyar ba ta sake shi ba, kuma ya tsani kansa saboda haka.

Wurin likitar ɗaki biyu ne a Majidaɗi, a bayan wani shagon ɗinki, yana warin maganin wanke ƙasa. Dakta Patricia gajeruwa ce mai tabarau, ba ta kai 'yarsa ta biyu shekaru ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta sa safar hannu, ta warware buhun a kan teburin ƙarfe. Ba ta fara da cikin ba. Leɓen sama ta ɗaga da yatsa.

"Baba, zo ka gani."

Ya matso. Dasashin fari ne fat, kamar an shafa alli.

"Wannan wuri ja ya kamata ya zama. Jininta ya ƙare. Kashinta yaya yake?"

"Baƙi. Na ɗan'uwanta ma haka ya yi kafin ya mutu."

"Baƙin nan jini ne. Tsutsa iri biyu ke cikinta. Akwai dogaye farare, su ke kumbura ciki, su cinye abincin da ka ba ta. Akwai wasu ƙanana da ido ba ya kamawa sosai, su suna kama hanji ne suna shan jini. Su ne masu kisa."

"Daga ina suka same ta? Ba sa fita ko'ina. Abincinsu matata ke damawa."

"Daga uwarsu. Wasu tun suna ciki, wasu ta nono. Kusan duk ɗan kwikwiyo da ita ake haifarsa, Baba. Shi ya sa tun suna sati biyu ake fara ba su magani, a riƙa maimaitawa bayan kowane sati biyu. In ka ga ciki ya kumbura jiki na ramewa, ko gashi ya tashi, ko zawo, ranar ake zuwa. In ka ga baƙin kashi ko farin dasashi, ko sun ƙi abinci, to ba a jira a gama karin kumallo ma."

Ba da faɗa ta faɗa ba, tana magana tana aiki. Ta ɗora ƙaramar a kan sikeli irin na masu sayar da kifi, ta rubuta. Ta yi mata allurar ruwa a ƙarƙashin fata, ta yi wata ta ƙarin jini. Sannan ta buɗe wata ƙaramar kwalba, ta zuƙo wani farin magani a sirinji marar allura, siririn da bai kai karan tsintsiya uku ba. Ta ɗaga shi ta duba, ta mayar da kaɗan cikin kwalbar, ta sake dubawa.

Abbo ya zuba wa sirinjin ido. Abin da ke ciki bai fi ɗigon hawaye uku ba.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan nata. Da nauyi ake bayarwa." Ta ɗiga mata a gefen baki, ta shafa maƙogwaron har ta haɗiye. "Manasseh ya ce su uku ne. Na biyun shi ma zawon ne?"

Manasseh, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya juya yana kallon titi. A hankali dattijon ya sa hannu a aljihu ya fito da kwalbar mai ruwan ɗorawa da sirinjin, ya ajiye a kan teburin. Shi kansa bai san dalilin da ya sa ya taho da su ba. Ta ɗauki kwalbar ta karanta, ta dubi layin biron.

"Har nan ka ba shi?"

"Rabi."

Ta cire tabarau ta murza idanu. "Baba, wannan na shanu ne. Rabin nan ko babban kare aka yi wa, sai Allah. Wanda ya sayar maka, ka gaya masa na kare ne?"

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Ban faɗa ba," in ji Abbo. "Akwai mutane."

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta jefa kwalbar a kwandon shara. Ta gaya masa ya kwashe duk kashin da ke tsakar gida ya ƙona, kada a bar jikoki su yi wasa a wurin ba takalmi, a riƙa wanke hannu da sabulu, don ƙwan tsutsar yana daɗewa a ƙasa. Ta ba shi maganin da za a maimaita bayan sati biyu, da wani na jini, ta ce a riƙa ɗiga mata romo kaɗan-kaɗan, a sa ta wuri mai ɗumi.

"Za ta tashi?" ya tambaya.

"Na yi abin da zan iya. Jini ba ya dawowa rana ɗaya. In ta kai jibi, akwai rai."

Ya naɗe buhun, ya kai ƙofa, ya tsaya. Tambayar da bai kamata ya yi ba ita ya yi.

"Da a ce ranar da wannan ya faɗa mini na kawo su, su ukun?"

Dakta Patricia ta dube shi. Ba ta iya yi wa tsoho ƙarya ba.

"Da yanzu suna cin takalmanka, Baba."

A hanyar komawa Manasseh ya saki baki, don shiru ba ya zama da shi. Ya ce matar nan ta taɓa tayar da karen wani ɗan'uwansa da kowa ya fid da rai. Ya ce ƙananan da aka raina su suka fi zafi in sun girma, ya ce ya ga idon wannan, mai faɗa ce. Abbo yana amsawa da "haka ne". Wannan karon bai rufe buhun da riga ba. Ya zura hannunsa ciki ya ɗora tafinsa a kan kumburarren cikin, yana jin shi yana hawa yana sauka, da sauri-sauri, sama-sama.

Sun wuce kasuwa, sun sauka daga kwalta sun kama hanyar unguwa mai ramuka. A wani rami keken ya yi tsalle, ya daidaita. Abbo ya jira cikin ya sake hawa. Ya danna tafinsa kaɗan, ya ƙara jira. Manasseh yana can yana ba da labarin yadda za a ɗaure ta da rana a sake ta da yamma, don ta yi zafi.

A ƙofar gida Manasseh ya kashe inji ya juyo.

"Bappa, bayan sati biyu fa, kar ka manta. Ni zan tuna maka."

"To. Useko, na gode, maƙwabci. Allah ya saka."

Aisatu ta riga ta ɗora romo a wuta, ta shimfiɗa tsumma a cikin kwando kusa da murhu. Ta taso da sauri tana goge hannu a zani.

"Malam, me likitar ta ce?"

Ya ajiye buhun a ƙasa a hankali, bai buɗe ba. Ta dubi buhun, ta dube shi, ta koma ta sauke tukunyar.

Shi ya haƙa ramin, a bayan ɗakin dusa, kusa da sauran biyun. Ya kwashe abin da aka ce ya kwashe ya ƙona. Ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya yi alwala, ya yi la'asar a gida. Sannan ya ɗauki guduma ya je kusurwar shingen ya kafa sabon itace, ya ja waya ya ɗaure, duk da ya san wanda ya zo da almakashi ba itace zai tsayar da shi ba. Masarar ta fi mutum tsawo, iska na kaɗa ta, ba a ganin komai a cikinta.

Rana na shirin faɗuwa ya shiga ɗaki ya fito da tabarma da bargo da tocila, sandarsa a hammata. Aisatu na tsaye a tsakar gida tana kallonsa.

"Ina za ka da shimfiɗa?"

"Bakin shinge."

"Malam, mutanen nan fa an ce da bindiga suke yawo."

"Na sani," in ji Abbo. "In kin gama ki sa sakata."